Layin Tumatir na Uku

Saura kwana goma sha biyu a miƙa aikin kammala karatu, Auta kuwa ko ƙasa ba ta tona ba.

Aikin ba wani abin tashin hankali ba ne ga ɗalibar sashen noma. Ta shuka tumatir layi uku, ɗaya ta sa masa takin dabbobi, ɗaya na zamani, na uku ta bar shi haka nan, sannan ta riƙa auna tsayinsu har mako goma. Ba ta taɓa cewa ba za ta yi ba, a'a. Kullum dai sai an gama jarrabawa, sai ruwa ya ɗauke, sai Asabar mai zuwa. Sauran darussa duk da karatun kwana biyu ta haye su, to amma tumatir ba ya jin magiya. Idan ba ta miƙa ba, maimaita shekara ya kama ta.

Babanta mai sayar da dashe ne, tun farkon zango ya ware mata gefe mafi kyau a lambunsa. Duk sanda ya kira, sai ta ce, "Ina nan tafe, Baba." Yau dai ta zo, kunya kamar ta nutse.

Ta same shi yana ban ruwa, wando a naɗe zuwa gwiwa.

"A'a, manyan malamai! Yau an tuna da mu? Zo ki ga gonarki."

Ta bi shi tana zaton ciyawa za ta tarar. Sai ga tumatir layi uku, kore shar, har sun fara 'ya'ya.

"Baba, wa ya shuka wannan?"

"Aljanu," ya ce yana dariya. "Na ga shiru, na ce karatu ne ya sha kanki. Ai kin yi min bayani ranar nan, ban manta ba."

Ya shiga rumfa ya fito da sanduna uku, kowacce da zane goma na wuƙa. Duk ranar Asabar yakan jingina sanda da shukar ya tsaga alama, tun da shi rubutun boko bai dame shi ba. Auta ta karɓa. Mako goma cif, ga su nan a tafin hannunta! Ta ji daɗi, ta kuma ji haushin kanta da ta ji daɗin.

Da ta jera sandunan, sai ta ga tsayinsu kusan ɗaya.

"Baba, layi na uku fa? Wanda ba a sa wa komai?"

Ya sosa ƙeya. "Wannan kam, mako biyu na daure. Sai na ga ganyensa ya fara zama ruwan ɗorawa, 'yan uwansa na ci yana kallo. Haba, Auta, ina zan iya? Ɗan kaɗan na riƙa barbaɗa masa. Dubi yadda ya murmure!"

In babu layin da aka bari ba taki, babu abin gwadawa, aikin duka ya tashi a banza. Ta san za ta iya rage lambobin a takarda, ba mai ganewa. Ta kuma san za ta iya yi masa godiya yau, ta bar bayanin sai wani zuwan. Har bakinta ya ɗauko godiyar, ta haɗiye.

"Baba, ba zai yi ba. Dole a bar shi da yunwar, shi ne gwajin."

Murmushin ya bar fuskarsa a hankali. Ya dubi layin, ya dubi sandunan.

"Ashe ɓata miki na yi."

"Wallahi ba kai ba ne. Ba karatu ne ya riƙe ni ba, Baba, zama kawai na yi ina cewa gobe."

Kamar bai ji ba. "Ki gaya wa malamar taku laifina ne. Tsoho ne ya yi karambani."

Nan take ta ciro waya ta kira malamar da ke duba aikinta, don ta san in ta bar lambun nan ba za ta kira ba. Wayar na ƙara, Baba ya ajiye bokiti, ya goge hannu a riga, ya matso yana miƙo hannu a ba shi ya ba da haƙuri.

Auta ta riƙe hannun da nata, ta hana shi wayar.

"Malama, ina wuni. Ni ce. Ban shuka ba."