Ba a Yi wa Tagwaye Kuka

A dangin mijin Nnalongo, can Masaka, ba a cewa ɗan tagwaye ya mutu, sai dai a ce ya yi tsalle ya tashi. Ba a kuma yi masa kuka, don kada wanda ya rage ya bi shi. Shi ya sa tun da ciwon daji ya ɗauke 'yarta Nakato, ɗaya daga cikin tagwayenta, Nnalongo ba ta zubar da ko ɗigon hawaye ba.

Atim, mai binciken da asibiti ya turo ta ji halin iyayen da suka rasa yara, 'yar arewacin ƙasar ce, ba ta san wannan ba. Ta ajiye rikoda a tabarma, gaban Nnalongo.

"Mama, ranar da Nakato ta mutu, wa ke tare da ke?"

Uwar mijin Nnalongo tana gefe tana feren ɗanyar ayaba. Wuƙar ta tsaya cak.

"Ke! Wa ya mutu? Kina ganin 'yar'uwarta Babirye na wasa a nan za ki kira mana masifa? Kwashe tarkacenki!"

Atim ta ɗauki rikodarta ta miƙe. Nnalongo ta raka ta. Sai da ganyen ayaba ya kare su ta damƙe hannun baƙuwar.

"'Yar nan, sake faɗa."

"Mama, ki yafe mini, wallahi ban sani ba."

"Na ce ki sake faɗa!"

"Nakato ta mutu."

Nnalongo ta durƙushe, ta cusa bakin zaninta a baki, don kada a jiyo kukanta daga gida.