Lungun da Aka Auna da Baho

"Mma, mu ba mutane ba ne?"

Mardiya ce, 'yar shekara shida, ta jefo tambayar da ƙarfi a tsakar gida, gaban baƙo. Uwarta Sadia ta ɗago daga wanki, hannu duk kumfa.

"Wa ya ce miki haka?"

"Baba ya gaya wa mai igiyar awon can wai ba mutumin da ke bin lungu. Ai mu kullum muna bi."

Maza biyar na kan benci suna shan shayin ataya, kowa ya sunkuya yana kallon kofinsa. Muftahu, uban yarinyar, ya yi 'yar dariya ya ce yara ke nan. Baƙon sunansa Tajudeen, wakilin kamfanin da ya sayi gidaje uku a bayansu, nan unguwar Maamobi, zai tayar da bene hawa shida. So suke katangarsu ta haɗiye lungun baya. Ya zo ya tambayi masu gida, masu gida suka ce bismillah, magina su zo ranar Laraba.

Ba da gangan Muftahu ya yi ƙarya ba. Namiji a gidan nan ta ƙofar gaba yake fita, ko masallaci, ko wajen aiki a Abossey Okai. Lungu na mata ne. Ta nan ake zuwa famfo, ta nan ake kai niƙa, ta nan Mardiya ke zuwa makaranta ba tare da ta taka titi ba. In aka toshe shi, sai babban titi, inda motocin haya na trotro da okada ke rige-rige, ga kwata mai zurfi da aka ɗora wa katako ɗaya tal.

Sadia ba ta yi musu gaban baƙo ba. Ta gama wankinta, ta shanya, ta bi ɗakunan matan gidan ɗaya bayan ɗaya.

Ranar Litinin da safe Muftahu ya fito da farar riga, ya tarar da ƙofar baya da kwaɗo, Sadia ta tare shi.

"Baban Mardiya, ga 'yarka, ga bokitin masara. Makaranta tukuna, sannan injin niƙa."

"Ni? Me ya sami lungu?"

"Wane lungu? Wanda ba mai bi?"

Ya leƙa waje neman mai taya shi mamaki, sai ga maƙwabcinsa Fuseini da jarka biyu, ga Abdul-Razak tela da tagwaye, ɗaya a kafaɗa ɗaya na jan wandonsa.

"Chale, kai ma?"

"Yi shiru mu tafi," in ji Fuseini.

Sadia ta tsaya a bakin ƙofa. Dabarar tata ce, amma 'yar ma tata ce. Ta bi su a baya daga nesa, tana addu'a. Da idonta ta ga okada ya shafi jakar Mardiya, ta ga Muftahu ya sure yarinyar sama, takalminta ɗaya ya faɗa kwata, rabin masarar ya bi shi. Ta juya gida da sauri kada ya gan ta.

Ya dawo riga ta jiƙe sharkaf. Ya sha ruwa kofi biyu.

"Maman Mardiya, ina lambar wayar mai igiyar awon nan?"

"Tana aljihunka. Ni ai ba a ba ni ba."

Tajudeen ya zo da yamma yana cewa an riga an zana taswira. Wannan karon a bakin lungu aka tarye shi, mata a gaba, maza a baya suna gyaran murya. Da ya ga ba ja da baya, ya ce to, zai bar musu taku biyu.

Mma Lamisi mai sayar da waakye, shinkafa da wake, wadda ta fi kowa shekaru a gidan, ta ce, "Ɗana, ajiye igiyarka." Ta ɗora babban bahonta a ka, ta kama hannun Mardiya, suka shiga lungun kafaɗa da kafaɗa. "Iyakar nan. Baho ya wuce, yarinya ta wuce."

Sadia ta bi su da gawayi tana jan layi a ƙasa. Tajudeen ya buga waya, ya daɗe yana "yes sa, yes sa", ya dawo ya auna layin gawayin ya rubuta.

Bene dai ya tashi. Ya tare rana, yanzu shanya ba ta bushewa sai bayan la'asar, kuma mutanen sama ba su san sunan kowa ba. Amma lungu na nan, Mardiya na bi da sabon takalmi, ubanta ne ya saya bai jira an ce masa ba.

Ke kuma 'yar uwa, duk ranar da kika ga baƙo da igiyar awo a bayan gidanku, kada ki ce bari ki sauke miya tukuna. Ki fito da baho. Kafin miyar ta nuna, maza sun gama cewa bismillah.