Yawun Aro

A rukuninmu na kurata babu mai cika baki kamar Dogo. Shi ya laƙaba wa wani salihin yaro suna Malam Sanyi, kullum yana yi masa dariya wai bindiga ta fi shi nauyi.

Makon da za mu diro daga hasumiya da igiya, wata likita ta zo bincike. Ta ɗaura wa kowa ɗamara a ƙirji mai auna bugun zuciya, ta raba ƙananan kwalabe mu tofa yawu. Ta ce idan mutum ya firgita, jiki na sakin wani sinadari da ke fitowa a yawu, zuciya kuma ta canja tafiya, abu biyun tare suke zuwa. Saje ya ce duk wanda ya yi maguɗi, ya naɗe tabarmarsa ya koma gida.

Ranar dirowa, ina bayan Dogo a layi a gindin hasumiya. Wallahi bakinsa ya bushe ƙamas don tsoro, ya yi ta ƙoƙari, ko ɗigo babu. Sai ya miƙa wa Malam Sanyi kwalbar ta ƙasa.

"Don Allah ɗan'uwa, rufa min asiri."

Yau kuma ɗan'uwa! Yaron ya tofa masa, bai ko ɗago kai ba.

Da sakamako ya fito aka tara mu a filin fareti. Likita ta ce zuciyar Dogo ta yi ta dukan uku-uku, amma yawun kwalbarsa na mai kwanciyar hankali ne. Saje ya daka tsawa: "Yawun wa ne?"

Dogo ya sunkuyar da kai, gumi na bin wuyansa. Ni kaina sai da na ji masa kunya.

Malam Sanyi ya tako gaba. "Ni ne na rikita kwalaben, ranka ya daɗe. Kuskure ne."

Ba a kori kowa ba. Amma aka ɗora wa yaron jaka cike da yashi, aka sa shi tsallen kwaɗo cikin rana har ƙafafunsa na rawa. Kurata suka fara ƙyaƙyata dariya. Wani ya zunguri Dogo.

"Kai, yau ba ka ce komai ba?"

Dogo ya ɗago, idonsa jawur. Duk muna kallonsa.

"Ku dube shi," ya ce, murya na karkarwa, "ko tofa yawu bai iya ba."

Aka kwashe da dariya.