Safa Ƙafa Ɗaya

Idan abin da ya cuci mutum ba shi da launi, ba shi da wari, bai bar ko tabo ba, wuyan rigar wa za ka riƙe? Na juya tambayar nan har na gaji, ban samu amsa ba.

Ranar da ta fara zo mini, ina zaune a tsakar gida ina gyaran wani keken ɗinki, matar ƙanena tana shanya. Ta ɗaga safa ƙafa ɗaya ta karkaɗa wa mijinta.

"Wai kai ƙafa ɗaya gare ka? Kullum guda nake wankewa. Ko wata kake kai wa 'yar'uwarta?"

Ya miƙa hannu zai karɓa, ya kamo iska. Safar tana gefen hagunsa, bai gan ta ba.

Ƙadangare ake ce masa, don tun yana yaro babu katangar da ta gagare shi. Da ya girma ya samu aikin hawa dogayen ƙarafan nan na kamfanin waya, yana gyaran farantan da ke can ƙololuwa. Kowane mahayi ana rataya masa wata 'yar na'ura a ƙirji. Idan ya matsa kusa da farantin da ke kunne sai ta kama kuka, alamar ya sauko ko a kashe farantin. Amma kashe faranti yana nufin unguwa guda ta rasa sabis, Manaja kuwa ba ya son jin wannan. Sai mahayan suka samo dabara: su cusa na'urar cikin safa, su nannaɗe, su jefa aljihu. Kukan sai ya koma kamar na gyare a nesa.

*

"Yanar ido ce ta rufe masa na hagu, kuma shekarunsa ba su kai na yana ba," in ji likitan da na kai shi wurinsa. "Abin da farantan nan ke fitarwa, in yana da ƙarfi kuma mutum na dab da shi, yana zafafa nama daga ciki, ido kuwa ba ya hucewa da wuri. Amma in rantse maka cewa shi ne? Ba zan iya ba. Ya dai daina tsayawa gaban faranti yana kunne, ko a tsira da na dama."

A bakin titi na kama hannunsa za mu tsallaka. Ya fizge kamar na ɗana masa garwashi.

"Sake ni, Yaya! Makaho ka gani?"

"Ka dai ji abin da aka ce."

"Na ji ya ce bai sani ba. Kai da ka ƙare a kan keken ɗinki, me ka sani game da sama? In na ce a kashe, gobe wani ne a kan ƙarfen. Kai za ka ciyar mini da yara? Ranar da ka ga na dafa ka, ka ce na mutu."

*

Ban ji ba. Na wanke ƙafa na tafi ofishinsu. Manaja yana kan kujera mai juyawa, fanka na kaɗa masa ƙeya. Ya saurare ni yana sakace.

"Malam mai keke, yaushe ka zama likitan ido? Mun ba kowa na'ura. Wanda tasa ta yi kuka, ya sauko. Akwai wanda muka ɗaure a sama?" Ya leƙa taga. "Kai, Ƙadangare! Zo nan."

Ƙanena ya shigo da igiya a kafaɗa. Da ya gan ni, fuskarsa ta yi baƙi.

"Na'urarka ta taɓa kuka ka ce a kashe, na ƙi?"

Aljihun wandonsa ya yi tudu. Ina kallon tudun, Manaja ma yana kallo.

"A'a, yallaɓai."

"Idonka fa?"

"Garau, yallaɓai."

"To ka ji. Ka gaida gida."

Abin da ya fi ci mini rai shi ne, Manaja bai yi ƙarya ba. Bai taɓa cewa a sa safa ba. Bai dai taɓa sake kiran wanda ya ce a kashe ba.

Daga ranar ƙanena ya daina gaishe ni. Matarsa ma ta juya mini baya, wai na je zan tsinke musu igiyar abinci. In na yi sallama sai ta amsa wa tukunya.

*

Damina ba ta fita ba idon daman ma ya soma hazo. Wata safiya ya lalubi matakalar ƙarfen, ya kuskure, abokan aiki suka gani. Matarsa ce ta zo ta tsaya a kaina, idonta a ƙasa.

"Yaya, sun ce a je a ɗauko shi."

Na same shi a ƙofar ofis, Manaja yana yi masa bayani da murya mai laushi.

"Ka san mu da kiyaye lafiyar ma'aikaci. Ba za mu bar wanda ba ya gani ya hau ba. Kawo kayan kamfani."

Ƙanena ya miƙa igiya da hular kwano. Ya zaro ƙullin safar daga aljihu ya warware. Manaja ya karɓi na'urar ya miƙa wa wani ƙato da aka ɗauka a madadinsa. Mutumin ya jujjuya ta, ya dubi sauran mahayan, sannan ya zauna a kan dakali ya fara kwance takalminsa.

Muka fito. Ban miƙa masa hannu ba. A bakin titi muka tsaya, motoci na wucewa, yana karkata kai yana sauraron su, safar na dunƙule a hannunsa na hagu. Can na ji hannunsa na dama ya laluba bayana, ya hau, ya sauka a kafaɗata.

"In hanya ta yi, ka faɗa mini," ya ce.