Inda Ta Tsaya

Tun 'ya'yansa suna ƙanana suka raɗa masa suna Baba Kar-a-taɓa, a bayan idonsa mana. Mutum ne da ya ƙarar da ƙuruciyarsa a ɗakin magani na asibiti, kuma yadda yake jera kwalabe haka yake jera littattafansa: kowane da mazauninsa, sai ka wanke hannu kafin ka ɗauka. Mutum ɗaya ce ta gagare shi, matarsa. Ita tana yanka albasa tana karatu, in aka kira ta sai ta lanƙwashe bakin shafi ta kife littafin a kan firij. Ya yanka mata kwalin sa alama, ya saya mata zare, duk a banza. "Littafi ne ko jariri?" take ce masa. Faɗan da suka sha kan lanƙwasar nan ya fi duk sauran faɗansu in an haɗa.

Ya yi ritaya da burin cinye duk littattafan da ya tara, sai ga shi shekara ba ta zagayo ba matarsa ta rasu. Daga nan karatunsa ya sauya, bai kuwa gaya wa kowa ba. Kullum da hantsi yakan zaro ɗaya daga littattafan da ta ɓata, ya karanta har ya iso wata lanƙwasa, ya tsaya a nan ko da tsakiyar zance ne. Sai ya zauna yana tunanin abin da ya tashe ta ranar: tukunya ce ta kama, ko shi ne ya ƙwala mata kira kan safarsa? Hirar da ta rage musu ke nan. Akwai wani mai jan bango da ta bari a rabi kan gadon asibiti. Wannan ko buɗe shi bai yi ba, yana tanadinsa sai ƙarshe.

Da aka yi masa aiki a gwiwa, 'ya'yan suka ce hawa bene ya ƙare, ya koma gidan Auta. Ɗaki ɗaya ne, kantar littattafai ɗaya, ba za ta ɗauke duka ba. Yana kwance, magani na fizgarsa, ya ce mata, "Ki zaɓa da hankali."

Ta kuwa zaɓa da hankali. Ranar da aka sallame shi ta riƙo hannunsa har ɗakin, fuskarta cike da murna. Littattafai ne jere tsaf, ba tabo, ba ƙura. Ya bi su da yatsa daga sama har ƙasa, ya sake komawa.

"Auta, ina sauran?"

"Waɗanne, Baba? Masu kyan duk ga su. Shafi-shafi na duba. Duk mai lanƙwasa ko tabon mai na ware, na san yadda suke ɓata maka rai."

"Har mai jan bangon?"

"Ai shi ya fi lalacewa. Mai sayen tsofaffin takardu ya kwashe su tun makon jiya." Ta dubi fuskarsa, murnar ta gushe. "Baba, na yi laifi ne?"

Me zai ce? Shi ya koya mata. Tana goye take jin yana mita kan lanƙwasa.

"Ba ki yi ba, uwata. Allah ya yi miki albarka."

Da ta fita ya zauna bakin gado, yana kallon kanta cike da littattafan da matarsa ba ta taɓa ɗauka ba. Ya zaro ɗaya, ya fara karantawa, idonsa na cikowa har baƙaƙen suka narke. Can Auta ta ɗaga murya, "Baba, ga abinci!"

Ya laluba kwalin sa alama, yana nan cikin aljihu. Ya bar shi a can. Ya kama bakin shafin ya lanƙwashe, ya danne da babban yatsa, sannan ya kife littafin a kan matashi.