Saƙo a Layin Awon Kaya

Sai da Injiniya ya ɗora akwatinsa a kan ma'aunin filin jirgi sannan Mama ta kwance zanen da ta naɗe kan keken ɗinki da shi, ta turo masa da ƙafa. Ta ce in ya sauka ya biya ya miƙa wa Yaya, babbar 'yarta, tunda duk can ƙasar waje ne.

Injiniya mijin 'yarta Auta ne, mai kunyar surukai har ta yi masa yawa. Ya fita daga layi, ya rage tsawo, ya buɗe taswira a waya. Cikin ladabi ya nuna mata garin da suke zaune da Auta, inda zai sauka, ya ja yatsa ya haye teku, ya nuna garin Yaya. Ya ce tafiyar wuni ce cur a jirgi, ta ma fi daga nan zuwa can nisa.

Mama ta sani sarai, ba yau ta fara ganin taswira ba. Ana ta cewa jirgi ya mai da duniya tsakar gida, ita kuwa 'ya'yanta biyu ko gaisawa ba sa yi tun wata magana da aka yi a bikin wani ɗan'uwansu, wadda su kansu sun manta farkonta. Ta yi lallashi, ta yi faɗa, har ciwon ƙarya ta kwanta, kowace ta kira ta daban.

Ta gyara tabarau, ta ɗora yatsu biyu a kan wayar.

"Wannan ne nisan? Ko taƙi bai kai ba, Injiniya."

Ya ce zai aika ta kamfanin kai kaya. Ta ce keken uwarta ba ya shiga hannun baƙo. Ma'aikaciyar awo ta fara ƙwanƙwasa biro, na bayansu suna tsaki. Da gumi ya ishe shi, ya koma gefe ya kira matarsa, yana raɗa, muryar Auta kuwa tana fitowa har inda Mama take.

"Keke kuma? Wallahi aikin Yaya ne, ita ta sa ta. Kashe wayar, yanzu zan kira ta in ji dalili."

Mama ta zauna a kan keken tana kallon allon tashin jirage. Can wayarta ta yi ƙara. Yaya ce, tana huci: Auta na kan ɗaya layin, sun yi ta yi, kuma a ƙarshe sun yarda su biyun cewa Mama ta fara rikicewa, dole su zauna su san abin yi da ita.

"To, ku zauna ɗin," in ji Mama.

Ta miƙe, ta mayar wa keken zanensa, ta dubi surukinta.

"Ɗora min a ka, ɗana. Je ka, kada jirgi ya bar ka."