Tiren Tsakiyar Agusta

Sunan kakata na ci, kamar kowace 'yar fari, kuma ita ta ja mini. Da sunanta Katina ne, da ranar takwarata, wato idin waliyyiyar da ke da sunan, ta faɗo cikin sanyi, in yi hidimata in gama. Sai ta zama Despina, ɗaya daga cikin sunayen Maryamu, wadda idinta ke tsakiyar Agusta, daidai lokacin da kowa a birninmu Atina ke rufe shago ya nufi teku. Mai ranar takwara kuwa ba ya zama. Ƙofa a buɗe take, duk wanda ya shigo ya ce Allah ya maimaita, sai ka miƙa masa kayan zaƙi da ruwan sanyi.

Tun da na auri Stamatis, hutunmu a garinsu muke yi, tsibirin Naksos, inda danginsa suka fi awaki yawa. Ni ke dafa ɓawon lemo da sukari, ni ke zagayawa da tire daga fitowar coci har ƙafafuna su kumbura. Shi kuwa maigida yana hakimce a kujera yana amsa gaisuwa, sai ka ce shi ne Despina. Tekun ma ta taga nake hango shi.

Bana na ce ya isa. Buri ɗaya gare ni: in zauna ranar nan, a kawo mini. Na shimfiɗa taswira a kan teburin cin abinci, na kira shi.

"Zaɓi tsibiri, amma wanda ba mu da kowa."

"Faros," in ji shi.

"Inda 'yar goggonka ke aure?"

"To, Siros."

"Uban baftismar ɗanmu fa, ba can yake ba? Ko jirgi bai gama tsayawa ba zai aiko a ɗauke mu."

"Tinos."

"Ranar idi? Can duk ƙasar ke tafiya ziyarar ibada, Stamatis. Kana lafiya kuwa?"

Ya cire tabarau ya goge. "Ni ban san laifin dangi ba, Despina."

"Ina za ka sani, ba ka taɓa kai musu ruwa ba."

Muka bi tsibiran ɗaya bayan ɗaya. Wanda babu danginsa, akwai abokinsa na soja. Wanda babu abokinsa, akwai wani da suka tuƙa bas tare. Mutumin nan ya watsu a teku kamar gishiri. A ƙarshe yatsana ya sauka a kan wani ɗigo mai kama da kashin ƙuda, Sikinos. Ya yi ta tunani, bai samo kowa ba. Har tausayi ya ba ni.

"Saura ɗaya," na ce. "Daga mun hau jirgin ruwa, sunana Eleni."

"Ƙarya zan yi?"

"Hutu za ka ba ni."

Stamatis bai iya ƙarya ba, kunnuwansa ja suke yi. Muka yi ta gwaji a gida. Da safe ya ce Eleni, da rana ya manta, da yamma ya ce shi ji yake kamar ya shigo da wata mace gidan. Ranar da ya buga waya don kama ɗaki, tsohuwar da ke ba da haya, Iya Marigo, ta titsiye shi: ɗan gidan wa ne, matarsa 'yar ina ce, wa sunanta. Ya ce Eleni yana zufa, ya ajiye wayar ya sha ruwa kofi guda.

Sikinos ta yi mini. Ɗaki fari fes, bishiyar ɓaure a tsakar gida, ba wanda ya san ni. Na shiga teku har wuya, na ci kifin da ba ni na soya ba. Abu ɗaya na manta: sunan Marigo ma daga Maryamu aka ciro shi.

Ranar idi, ana fitowa coci, rabin tsibirin ya biyo mu gida don gaishe ta. Na sami kujera a gindin ɓauren na zauna, na sa hannuwana a ƙarƙashin cinya don kada su tashi su kama aiki. Iya Marigo ta fito da tire tana jan ƙafa, ta fara daga dattawa. Na ƙura wa tiren ido, yana matsowa. Saura mutum biyu a iso kaina sai ƙararrawar coci ta sake kaɗawa. Ban san me ta taɓa a zuciyar Stamatis ba. Ya sunkuyo ya sumbaci goshina, kamar yadda yake yi kowace shekara, ya ce da muryarsa ta direba, "Allah ya maimaita mana, Despinata."

Kowa ya waiwayo. Kunnuwansa suka yi jawur.

"Despina?" in ji Iya Marigo. "Yau ranarki ce kika ɓoye, 'yar nan? Allah sarki, don kin ga ba ki da gida a nan, ba ki da abin ba mutane. Ai gidana gidanki ne. Ungo, ki zaga da shi, kada ki ji maraici."

Ta miƙo mini tiren da hannu biyu, fuskarta cike da alheri. Ba a ƙin irin wannan karamci. Na ji hawaye na tahowa, kuma ba na murna ba ne. Na zaro hannuwana daga ƙarƙashin cinya.

Stamatis ya riga ni. Ya karɓe tiren, kofuna suna karo da juna.

"Iya, zauna kusa da ita. Yau masu rana ba sa tashi."

"Namiji da tire?" in ji wani tsoho mai sanda. "Daga ina aka samo wannan?"

"Daga Naksos, baba," in ji Stamatis. "Can ma yau aka fara."

Aka kwashe da dariya. Ya jiƙa wa limamin cocin riga, ya ba wani mutum zaƙi sau biyu, ya tsallake matar mutumin. Iya Marigo ta yunƙura za ta gyara, na riƙe mata zani. Ta zauna tana huci, can ta miƙe ƙafafunta ta ce, "Kai, ashe akwai iska a tsakar gidan nan."

Mu ya kawo wa a ƙarshe, rigarsa sharkaf da zufa. Ɗan faranti, ƙaramin cokali, ɓawon lemo yana ƙyalli, ruwan sanyi a gefe. Na ci a hankali, a zaune. Irin wanda nake dafawa ne, amma ban taɓa jin ɗanɗanonsa ba sai ranar.

Ya sunkuyo ya raɗa mini, "Despina, haka ƙafa ke yi kowace shekara?"

"Wannan ai rabin tsibiri ne," na ce. "Ga wasu can suna shigowa."